Sunaye a Bangon Falo

"To a ina ka rubuta sunansa?" in ji matar magini, muryarta duk ta dushe. Tun da mijinta ya faɗo daga bene a wurin gini take zarya. Ofishin ƙwadago sun ce ba diyya sai da shaidar cewa ma'aikacin wurin ne.

Ɗan kwangila ya sosa ƙeya. Mutumin da ko biro ƙyashin saye yake!

"Baiwar Allah, na rubuta. Kullum da gawayi nake jera sunayen ma'aikata a bangon falon ginin."

"Tashi mu je in gani."

"An riga an yi wa bangon filasta. Mijinki ne ma ya yi, ya yi sumul kuwa."

Ta ja mayafinta, ta fita, ta bugo masa ƙofa.