Lalle Ba Biki

Tun da baƙon zazzaɓin nan ya dawo aka yi wa kowa ɗigo a tafin hannu. In cutar ta kama mutum, ɗigon sai ya yi ja. Aikin Nas Zabba'u kullum da safe shi ne bin gidajen unguwarsu tana duba hannuwa.

Ran Talata ta iske Iya Kande hannu jawur da lalle.

"Iya, bikin wa ake yi ba a gayyace ni ba?"

"Sai da biki ake ƙunshi, 'yar nan? Kaushi ne ya dame ni."

"Kaushi ai a ƙafa yake, Iya."

Tsohuwa ta haɗe rai. "Malam da kuka ɗauke bara, ko gawarsa kun dawo mini da ita?"

Zabba'u ta wuce gidan gaba. Gida uku a jere duk lalle, har da maza. Ta miƙa sunayensu ga motar asibiti, ta koma gida da azahar.

A tsakar gida ta tarar da mahaifiyarta lulluɓe da bargo cikin wannan zafin, hannu ɗaya ɗaure a leda.

"Inna, kwance in gani."

"Bari ya kama tukuna," in ji Inna.