Motar da Ba Ta Jiran Cika

Aminiyata, kin ce ɗanki ya bugo waya yana kukan tafiyar ƙafa a ƙasar da ya je karatu. Saurari wannan, ko hankalinki zai kwanta.

An yi wata yarinya da ta tafi ƙasar sanyi koyon aikin jinya. A gida ko bakin kasuwa ba ta taɓa takawa ba, yatsa kawai take ɗagawa mai adaidaita ya tsaya. Ranar farko a can ta tarar da bas a tasha, mutum biyu kacal a ciki. Ta ce a ranta, wannan da sauranta, ai sai ta cika. Ta tsallaka titi sayen burodi. Ko da ta juyo, ga mota can tana shan kwana da kujerunta wayam. Washegari ta hango ta a tsakiyar hanya, ta yi ta ɗaga hannu har mayafinta na zamewa, direba ko kallo. Makara biyu ke nan. Malamarsu ta gaya mata, ba da faɗa ba, cewa ranar jarrabawa ƙarfe takwas ake rufe ƙofa, wanda ya rasa kuma sai baɗi.

Tsoron haka ya sa ta fara fita da ƙafa bayan sallar asuba, tafiyar awa guda da 'yan kai. Makon farko dugaduganta har bororo suka yi. Sai ta koma auna hanya da tasbihi: istigfari daga gida zuwa gada, salati daga gada zuwa shagon mai furanni, hailala har ƙofar makaranta. Tururi kan kwanta a kan kogin kamar shanyar farin zane, agwagi na barci a cikinsa. Har wani tsoho mai yawo da kare ya fara ɗaga mata hula.

Ranar jarrabawa gari ya waye da dusar ƙanƙara, kamar an kwana ana zazzage buhunan auduga daga sama. Ko'ina tsit. Motoci suka maƙale, 'yan ajinsu na tsaye a tasha suna duban agogo. Ita kuwa ta kama hanyarta. Fari ya binne duk wata alama, amma baki na ƙirga, ƙafa na bi, tana ji kamar a kan gajimare take takawa cikin mafarki. Tana ƙarasa hailala, mai gadi na miƙa hannu zai ja ƙofa. Ya matsa mata ta shige.

Gaskiyar Bahaushe ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Amma don Allah ki bar maganar nan tsakaninmu, don yarinyar nan 'yata ce. In yayyenta suka ji labarin burodin nan, ba za ta sake shan ruwa a gidana ba.