Wata Bakwai Ba Kira

A ƙafa wani malami ya iso shagon ɗinkin budurwarsa, don ko kuɗin mota ya daina kashewa.

"Jiya na gama biyan bashin gidanmu," ya ce, yana miƙa mata littafin lissafinsa. "Saura maganar aurenmu."

Ta tsayar da keken, ta buɗe. Ya soke nama, ya soke madara, ya soke katin waya. Nan idonta ya tsaya.

"Ashe har da ni cikin abin da ka rage, Malam."

"Don ke na yi."

"Da ka faɗa min, da na jira." Ta sunkuyar da kai. "An sa ranata da wani."

Ya juya a hankali. Yau ba mai bin sa ko sisi, ba kuma mai jiran sa.