Hanya ta Biyu zuwa Kunkuru

Da tabarmar ban haƙuri a hammata na shiga ofishin malamar jikata, don a tsibirinmu ba a zuwa amsa laifi hannu rabbana.

Na ce, "'Yata, kada ki cire jikata daga ajin masu hazaƙa. Aikin lissafin da kika ba su, a zana kunkuru da layi ɗaya ba a ɗaga hannu ba, ni na zana mata a rairayi yadda mahaifina ya koya mini. Kwafa kawai ta yi."

Malamar ta danne dariya, ta miƙo mini takardar da yarinyar ta yi zanen. "Iya, ai ba kiran faɗa na yi miki ba. Bi layin da yatsa."

Na bi. A wuyan kunkurun, ni hagu nake juyawa, nan kuwa layin ya yi dama. Na koma farko na sake bi. Kunkurun namu ne sak, amma shekara sittin ina zana shi ban taɓa bin wannan hanya ba.

Malamar ta ce, "Ita kaɗai ta gano hanya ta biyu. Port Vila, babban birnin ƙasa, za ta tafi gasa."

Sai ga ja'irar ta leƙo ta taga. "Kaka, taki hanyar ta cika kewaye-kewaye, kamar labarinki!"

"Zo nan, mai bakin aku!"

Tabarmar dai ba ta yi zuwan banza ba. A bakin teku na shimfiɗa ta, na share rairayi da tafin hannu, na dubi jikata na ce, "To, Malama, daga ina ake farawa?"