Mai Hoton da Ya Ce wa Filashi A'a

Kai da kake ƙorafi wai kwamfutar ofis ta cika tambaya, gyara zama in ba ka misali. Akwai wani mai ɗaukar hoto a bakin kasuwa, mutum mai sanyin hali, da kwamfuta ɗaya tal a shagonsa. Ita kwamfuta shigarta iri biyu ce. Akwai ta mai gida, wadda ake kira admin, mai ikon saka komai da goge komai, akwai kuma ta gama-gari, ta yin aiki kawai. Kayansa ne, amma kullum ta gama-garin yake shiga. In wata manhaja ta nemi ikon mai gida, sai allo ya dushe, kwamfuta ta tambaye shi, shi kuma sai ya karanta sunan abin tukuna kafin ya sa kalmar sirri. Maƙwabcinsa mai buga katin biki ba irin tsiyar da ba ya yi masa, wai mutum da gidansa yana sallama kamar ɗan haya! Shi tuni ya kashe wannan tambaya a tasa, duk abin da ya taɓa sai ya buɗe nan take.

Wata rana wata tsohuwa ta kawo hoton ɗanta da ya rasu, ruwan sama ya jiƙa shi a ƙasan akwati. Mai hoto ya kwafe shi cikin kwamfuta, garin ɗagowa takardar ta saɓule, fuskar ta tafi. Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, “Ɗan nan, shi ke nan fa abin da ya rage mini.” Ya ce, “Iya, kwantar da hankalinki, yana ciki.” Yana tsakiyar gyaran, bai kai ga wankewa ba, sai ga wani mutum afujajan da filashi, ɗan abin nan na ajiye hotuna da ake soka wa kwamfuta, a wanke masa hoton fasfo, mota na jiransa. Mai hoto ya danna abin da ke ciki, allo ya dushe. Wallahi har yatsunsa sun hau kan madannai, don sabo, mutumin kuma yana ta buga ƙafa yana tsaki. Sai ya tsaya. Hoto ai kallonsa ake yi, me ya haɗa shi da ikon mai gida? Ya kuma tuna fuskar ɗan tsohuwa ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan kwamfuta. Ya danna a'a, ya zare filashi, ya ba mutumin haƙuri. Mutumin ya fice yana faɗa, ya shiga shagon maƙwabci, inda babu mai tambayar kowa komai.

Kafin la'asar mai kati ya fito hannu a ka yana salati. Cutar da ke cikin filashin, wadda mai shi ma bai san da ita ba, ta kulle masa komai, har katunan bikin da za a karɓa a satin. Mai hoto bai yi masa dariya ba, ya je ya yi masa jaje, kuma a nan ne ya ƙara burge ni. Washegari tsohuwa ta karɓi hoton ɗanta fes, ta rungume, tana hawaye tana sa albarka. Filashi ɗaya ne fa ya shiga shagunan biyu. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.