Kutse a Laftof ɗin Injiniya Kalilu

Kalilu ya danna 'yar jakar nan mai ruwan ɗorawa a ƙasan allon laftof, sai ya ga abin da bai saba gani ba. Kullum in ya buɗe ta, ayyukan da ya taɓa kwanan nan ne ke fara fitowa a jere. Yau babu ko ɗaya. Faifan C ne kawai da ƙanensa D, sun yi tsuru-tsuru kamar baƙi a tasha.

A gefensa kan darduma surukinsa ne zaune, Alhaji Badaru, dillalin dabbobi a kasuwar Mai'adua, yana juya makulli a yatsa. Makullin sabon shagon kwamfuta ne da ya gina kusa da tashar Daura, kuma har yanzu bai yanke wanda zai damƙa wa ba, ko Kalilu ko Sha'aban, ɗan ƙanen shi Alhajin. Jarrabawar ma ba wata mai wuya ba ce. Cewa ya yi a nuna masa hotunan ragunansa da Kalilu ya ɗauka ranar kasuwa.

Shi fa Kalilu a aji uku na sakandare ya sallami makaranta, wai malaman sun ƙare abin da za su koya masa. Shi ya naɗa kansa Injiniya, shi ya yi wa kansa murna. A gida kuwa ya kafa doka: laftof ba tukunya ba ce, kada hannun kowa ya kai kanta. Jiya ma a majalisa ya wuni da ita, yana wani aiki da ya sa abokansa dariya har da riƙe ciki.

Matarsa Murja ta shigo da kwanon fura, ta durƙusa ta ajiye gaban mahaifinta. Ta saci kallon allon.

"Ai hotunan Baba suna cikin D ɗin nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka shiga ta nan mana."

"Ke da ko kunna ta ba ki iya ba?" in ji Kalilu. "Baba, kutse aka yi mini. Ba zan kama suna ba, amma akwai mai son shago da ƙarfi da yaji."

Dannawa biyu kacal da ya kai ga ragunan. To amma ina amfanin injiniya in ba a ga yana gyara ba? Ya naɗe hannun riga. Ya danna ɗigo ukun nan na sama, ya shiga wajen saiti, ya nemo layin da ke tambayar inda jakar za ta riƙa buɗewa, ya mayar da shi kan ayyukan baya-bayan nan. Duk yana yi yana bayani kamar mai wa'azi. Murja ta yi tari. Ya ce ta sha ruwa.

"Har manya-manya zan sa su fito, Baba, saboda idonka."

Ya rufe. Ya buɗe.

Hoto na farko ya cika rabin allo. Ƙaton rago balami, amma kan Alhaji Badaru ne a wuyansa, da gemu da tabarau, ƙahoni sun huda hula sun murɗe. A ƙasa an rubuta da jan launi: BA RAGI.

Alhaji ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ƙahon ya fita," ya ce. Ya jefa makulli a aljihu, ya sa takalmansa. Furar ko taɓa ta bai yi ba.

Sai da ƙarar mashin ɗin Alhaji ta ɓace Kalilu ya miƙe. Ya rantse da ya ga wanda ya taɓa masa saiti sai ya yi shari'a da shi har Katsina.

Murja ta ɗauki kwanon, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Da safe ka bar ta a buɗe, na ga ragon," ta ce. "Ni na juya saitin don kada Baba ya gani. Sannu da gyara, Injiniya."