Abin da Shekari Ya Zo Nema

"Baba, na zo roƙon abu mafi daraja a gidanka," in ji Shekari, yana durƙushe.

Ina bayan labule, na kasa kunne. Shekari ne mai kaɗa ogan a cocinmu na Trikania. Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ya ɗauki kaset ɗinsa na kiɗan jaz a situdiyon da ke jikin katangarmu. Duk sanda na ji ogan ya tashi, sai in fito in hau dakan sakwara, ko zai leƙo ya gan ni.

Baba ya gyara zama. Mama har ta fara guɗa ƙasa-ƙasa.

"Turminku nake so, Baba. Ƙararsa ta shiga kaset ɗin kaf. Da farko na ji haushi, amma har daga Gonin Gora ana tambayar wa ya buga gangar nan. Zan yi na biyu."

Mama ta haɗiye guɗarta.

Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, sai na ji bakina ya ce, "Yaya Shekari, turmin ba shi yake daka kansa ba fa."

Baba ya yi murmushi. "Ka ji ko? Turmi ana ba da aro. Mai gangar kuwa, sai ka turo manyanka."